Manhajar da na haɗa ta ce Baba yana warkewa

Inna Suhaila, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana. Yau kwana goma sha ɗaya ban kira gida ba, ni da ba na iya wuni ban ji muryar mahaifina ba.

Ina aiki a wani kamfanin haɗa manhajojin waya a Amman. Iyayena suna ƙauyenmu a Ajlun. Lokacin tsinkar zaitun da ya wuce, Baba ya faɗo daga kan tsani, gwiwarsa ta dama ta farfashe. Tsohon soja ne, shekararsa sittin da huɗu, mutumin da bai taɓa yarda wani ya ɗaukar masa buhu ba. An yi masa tiyata a Irbid, aka ce saura gashin ƙashi: sau uku a rana ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe ta, in ba haka ba za ta sandare. Zuwa Irbid duk bayan kwana biyu wahala ce ga mai irin wannan ƙafa, Yaya Nidal yana aiki can Aƙaba, ni kuma ina nan. Sai na ce ai wannan sana'ata ce.

Cikin sati uku na haɗa manhaja. Ana ɗaura wayar a ƙwauri, ita kuma ta riƙa ƙirga sau nawa ƙafar ta lanƙwasu da iya inda ta kai. In an cika aikin ranar ta nuna kore, in an gaza ta nuna ja. Sakamakon yana shigowa wayata da ta likitarsa ta gashin ƙashi, Dakta Ruwaida, wadda da ƙyar na shawo kanta ta bar shi a gida sati shida. Baba ya laƙaba wa manhajar suna Saje. In ta yi ƙara sai ya ce, "Ga Sajenki can ya fara ihu. Na yi ritaya, 'yar cikina ta mayar da ni fareti."

Satin farko ja ne kullum. Nakan kira in yi ta mita, har na taɓa ce masa ko so yake ya ƙare a keken guragu. Daga sati na biyu sai kore, kore, ba fashi. Inna, ban san irin murnar da na yi ba. Na rage zuwa gida ranar Juma'a, wai ina ƙara gyara manhajar, tunda ai ina ganinsa a waya. Na nuna wa shugabana a ofis, shi kuma ya kai maganar wata cibiyar gashin ƙashi. Yanzu suna so su gwada ta a kan majinyata arba'in, kuma sakamakon Baba ne a shafin farko na bayanin da zan gabatar musu ƙarshen watan nan.

Ranar da muka koma asibiti, Dakta Ruwaida ta auna gwiwar, ta sake aunawa, ta dube ni. Manhajar tana cewa digiri ɗari da goma, ƙafar kuwa ba ta wuce sittin ba. Ta sandare. Ta ce sai an sa shi barci an lanƙwasa ta da ƙarfi, wataƙila ma wata tiyatar, kuma ba ta da tabbacin zai sake zaman tahiya a ƙasa.

A mota Mama ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. Wai in ya gwada lanƙwasawa zafi kan sa shi hawaye, abin da ba ta taɓa gani ba a shekara talatin da takwas na aurensu. Sai ta riƙa ɗaura wayar a jikin muciya tana kaɗawa a hankali har kore ya fito. Na ɗaga musu murya, Allah ya yafe mini, na ce sun gurgunta shi da hannunsu. Da muka tsaya a ƙofar gida, Baba ya dube ni. Ya ce, "Tun da kika kawo Saje, kin taɓa tambayata ina ne ke mini ciwo? Kullum sai ki ce Baba na ga kore, sannu da ƙoƙari, ki kashe waya. Na ga koren nan ne ke faranta miki rai, shi ya sa muka ba ki." Ya ɗauki sandunansa ya shiga, bai yarda na riƙe shi ba.

Yaya Nidal ya ce na mai da ubanmu abin gwaji. Wani abokin aikina, Tamir, ya ce in ƙara kyamara don kada a sake yaudarar manhajar, in yi shiru da zancen muciya, ai ba wanda zai tambaya. Ni kuma wani lokacin ji nake in goge abin gaba ɗaya in bar aikin. Ina jin haushinsu, ina jin kunyarsu, kuma in na tuna yana sallah a kan kujera sai in kasa cin abinci. Ni na jawo masa? Me zan ce wa mutanen cibiyar? Da wane ido zan shiga gidanmu?

Taki cikin damuwa,
'Yar Ajlun

*

'Yata, sannu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ce miki ba ki da laifi ba, don kin san ba gaskiya ba ne. Kin bar allon waya ya tsaya a madadin idonki, kin kuma tsorata dattijo da maganar keken guragu a lokacin da yake fama da zafin da bai saba nunawa ba. Amma ba ke kaɗai ba ce. Mahaifinki ya zaɓi ya ɓoye, mahaifiyarki ta taya shi don tausayi, likitar ma ta amince da lissafin da ba ta gani da idonta ba. Yayanki kuwa, da yake yanke hukunci daga Aƙaba, sai ya ɗauki hutu ya zo ya karɓi nasa kason na jinya. Ba wanda ya yi nufin sharri a cikinku, kuma rabon laifi ba zai lanƙwasa gwiwar nan ba.

Ki tafi gida wannan Juma'ar, kada ki tsaya shirya abin da za ki faɗa. Ki fara da mahaifiyarki, don ita ce ke ɗauke da nauyin da ya fi na kowa, kuma kalmar da kika jefa mata a mota tana nan tana cin ta. Sannan ki zauna kusa da mahaifinki ki yi masa tambayar da ya ce ba ki yi ba. In ya yi shiru, ki jure shirun. Ki raka shi wurin likita da kanki, ki faɗa mata sarai irin zafin da yake ji, domin zafin da ke sa tsohon soja hawaye abu ne da likita ya kamata ta sani tun ranar farko, kuma akwai abin da za ta iya yi a kai. Kada a ƙara jinkirta aikin da ta ce a yi. Ban san ko zai koma zaman tahiya ba, ita ma ba ta sani ba, sai ki shirya zuciyarki ga kowanne.

Shawarar Tamir kuwa, ki watsar. Mutum arba'in ɗin nan iyayen wasu ne. Ki cire sakamakon ƙarya daga bayaninki, ki nemi izinin mahaifinki, ki faɗa wa cibiyar abin da ya faru ba tare da kin ambaci sunansa ba. Mai yiwuwa su janye, shugabanki ma ya ɓata rai. Wannan ya fi sauƙi a kan wata gwiwar ta sandare alhali kin sani kin yi shiru.

Ban ce ki goge manhajar ba, tana iya amfanar mutanen ƙauye da asibiti ya yi musu nisa. Amma kyamara ba za ta hana mai jin zafi neman hanyar ɓoyewa ba. Ki ba majinyaci wurin da zai ce yau na kasa, ga dalili, ba tare da an nuna masa ja kamar ɗan makaranta ba, kuma ki sa wannan saƙon ya kai ga mutumin da zai kira shi. Ki tabbatar likita na taɓa ƙafar da hannunsa a kai a kai. In lokaci ya yi, ki tambayi mahaifinki yadda ya so a ce an yi manhajar, don ya fi duk mutanen ofishinku sanin inda ta gaza.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarki, ke kuma ya ba ki ƙarfin halin shiga gidan nan.

Inna Suhaila