Ƙorafi Kan Ranakun Ganin 'Yata Nazeefa

Rekiya Sale,
Lugbe, Abuja.
22 Afrilu, 2025.

Shugabar Sashen Walwalar Yara,
Abuja.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: YADDA AKE SA RANAR ZIYARA A KAN RANAR ASIBITINA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Ranar 10 ga Fabrairu, kotu ta ba tsohon mijina, Rilwanu Lawal, riƙon 'yarmu Nazeefa mai shekara shida, saboda na kamu da shan kodin. Ban musa ba. An yarda in riƙa ganinta a ofishinku duk mako biyu, da sharaɗin kada in fasa zuwa asibiti gwaji ko sau ɗaya.

2. Ranar asibitina Talata ce, ƙarfe goma. Jami'inku Mista Andrew, wanda shi kaɗai na ba takardar asibitin, ya sa ziyarar 4 da 18 ga Maris a Talata, ƙarfe goma. Na roƙi likita ya mayar da ni Laraba, na shaida wa Mista Andrew. Ziyara ta gaba ita ma ta koma Laraba, 2 ga Afrilu. Duk ukun ina asibiti, an rubuta ban zo ba.

3. A nan zan faɗi laifina da kaina. Na yi wa Mista Andrew ƙarya cewa an sake mayar da ni Alhamis. Kwana biyu tsakani, ga saƙo: ziyara ta koma Alhamis, 17 ga Afrilu. Na je da wuri. Da ya gan ni sai da biro ya faɗi daga hannunsa. Na zauna awa uku, ba a kawo yarinyar ba. Wa ya shaida wa ubanta cewa ba sai ya kawo ta ba?

4. Ranar 12 ga Mayu kotu za ta duba fayil ɗin. Idan ya tafi haka, za a soke ziyarar gaba ɗaya.

Don haka ina roƙon a binciki lamarin, a gyara rubutun, a sauya mini jami'i. Na haɗo sakamakon gwajina guda goma, duk babu alamar kodin. Ina kuma roƙo, don Allah, wani ya gaya wa Nazeefa cewa ranar Alhamis uwarta ta zo. Ban san abin da ake faɗa mata ba.

Taki mai biyayya,
Rekiya Sale