Gwiwar Duna

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
Duna ya koro awaki daga rumfar albasa, ya tsallake ramin ban-ruwa, ya yi ƙara guda. Tun nan ƙafar baya ta hagu a rataye. Karen da na raina da hannuna. In babu shi wa zai tsare mini albasa? Jabiru? Ɗan da ko gaisuwa sai ta waya.

Laraba, 9 ga Afrilu
Na kai shi wurin Mati maɗori. Ya ce bai taɓa ɗora kare ba, mutane za su daina ba shi hannu. Na tuna mishi wanda ya ciro shi daga gulbi muna yara. Ya tofa, ya jera kara, ya ɗaure tamau.

Talata, 15 ga Afrilu
Ba ya ci. Ƙafar ta kumbura, akwai wari.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Jabiru ya zo daga Yelwa da wani Andrew, wai likitan dabbobi. Ba a tambaye ni ba. Yaron likitan ya kwance ɗorin Mati, ƙarƙashi duk gyambo. Na jira ya yi magana in ba shi amsa. Sai ya hau wanke gyambon.
Ya riƙe cinya, ya tura ƙauri, sai na ga ƙashin ya zamo gaba ya koma. "Baba, ba karaya ba ce. Jijiyar da ke riƙe gwiwa ta tsinke. Kara ba ya kama ta."
Hanya uku, in ji shi. A bar shi, ya ƙare da ɗingishi, wataƙila ɗayar ma ta bi. Ko a kai shi Sakkwato a yanka ƙashi a sa ƙarfe da kusoshi. Ko shi ya buɗe ya ɗaure gwiwar da zaren roba.
Na ce mi? Ya nuna mini. Kamar wanda masunta ke ɗaura ƙugiya da shi. Na ce kare ne, ba giwan ruwa ba.
Masu boko. Su suka zo da awo ina yaro, aka datse gulbi, ruwa ya cinye garinmu har da kabarin Inna. Yanzu karena.

Asabar, 19 ga Afrilu
Jabiru ya ce, "Baba, gardamarka ce za ta kashe shi." A gidana.

Litinin, 21 ga Afrilu
Na je bakin ruwa a Wara. Na ja irin zaren nan da hannu biyu har ya yanke ni. Bai tsinke ba. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 23 ga Afrilu
An yi, da zaren nan. Allura guda ya kwanta kamar gawa, harshe waje. Na fita. A masallaci ana cewa tsoho ya kai kare tiyata. Su faɗa.
Ya farka. Ya lashi hannuna, na sake alwala.

Talata, 6 ga Mayu
Wai a ɗaure shi wata biyu, ba gudu ba tsalle. Ban taɓa sa wa Duna igiya ba. Yau awakin suka dawo, ya yi ta kuka yana ja. Hannuna har ya kai kan ƙullin. Na tsaya. Na kore su da kaina, da wannan gwiwar tawa.
In zai fita bayan gida ina tallafe cikinshi da tsohon rawani. Mati ya gan mu, ya ce wa ke jan wani.

Juma'a, 30 ga Mayu
Ya taka. Ba sosai ba, amma sawu huɗu na gani a ƙasa bayan ruwan jiya.
Jabiru ya kira, ban faɗa mishi ba, sai da ya tambaya. Ya daɗe bai ajiye wayar ba. Ni ma.
Na zaɓi albasa manya na cika buhu, a kai wa yaron nan likita Yelwa. Sun yi mini yawa ne a rumfa.
Igiya tana nan sai ya zo ya ce a kwance.