Idon Ruwan Bayan Gidanmu

Litinin, a bakin kogin Waal

Zuwa ga yayata Hilde,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Mama? Ki ce mata safar da ta saƙa mini ta iso.

Yaya, ranar Alhamis da ta wuce ba za ta fita daga raina ba. Ruwan sama ya ɗan tsagaita, na ɗauki littafina na fita bayan gida, gindin jingar da ke tare mana kogi. Sai ga wani ɗan idon ruwa yana ɓulɓulowa daga cikin ciyawa. Kin san halina. Na ce wannan irin wurin ne masoya ke haɗuwa a littattafai, har na tsinto fararen duwatsu na kewaye shi.

Da mijina Wouter ya dawo daga wajen shanu na ja hannunsa in nuna masa. Bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya sa hannu a ruwan, ya murza yatsunsa, sai ga yashi. Ya ce in ruwan garau yake ba komai, amma in yana fito da yashi, to kogi ne ke haƙa rami ta ƙarƙashin jinga. Kin dai ga yadda muke a nan, kogi ya fi gidanmu bisa, jiragen ruwa ta saman rufinmu suke wucewa.

Na ce a kira hukumar ruwa. Surukina, Baba Arie, ya dube ni ya ce, “Amarya, ke ’yar tudu ce, me kika sani game da kogi? Koma ga littattafanki.” Ya ce da sun gani za su ce a faɗaɗa jinga a nan, su rushe gidan da kakansa ya gina, kamar yadda aka rushe gidaje biyar a ƙauyen gaba. Ya jawo tsohon kwamin da shanu ke shan ruwa a ciki ya kife a kan wurin.

Kada ki gaya wa Mama.

Ƙanwarki,
Jantien

Alhamis

Yayata Hilde,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Mu lafiyar jiki ƙalau, amma hankalina ba ya kwance.

Kogi sai hawa yake. An ce ƙanƙarar duwatsun Suwizalan ta narke tun lokacinta bai yi ba, ga ruwan da ake ta shekawa a Jamus mako uku, kuma duk ta ƙofarmu zai bi ya tafi teku. Baba da kansa ya ce da can sai a yi shekara goma kogi bai kai haka ba, ga shi hunturun bana sau biyu ke nan. Amma ya ce jingar da ta riƙe kakanninsa ba za ta ci amanarsa ba. Ana sa ran ruwan zai kai ƙarshen hawansa ranar Asabar.

Masu sintirin jinga suna wucewa bibbiyu, safe da yamma. Jiya maƙwabciyarmu Aaltje ce a ciki. Ta leƙo ta taga ta ce, “Mai karatu, yau wa ya auri wa a littafin? Ba ki ga wani abu a bayan gida ba dai?” Na ce ban gani ba. Na ba ta kofi. Ta yi mini godiya, ta ce bari ta hanzarta ta ɗauko ’yan biyunta daga makaranta. Yaya, makarantar nan tana can ƙasa da mu, tsakiyar kwari, inda ruwa zai fara sauka.

Yau da safe na ɗaga kwamin. Yashin da bai fi girman faranti ba ran Alhamis ɗin da ta wuce, yanzu ya tsere wa tayar keke, ya binne fararen duwatsuna duka. Na nuna wa Wouter. Ya duba, ya ce, “Jantien, ki bari Asabar ta wuce, don Allah. In aka rushe gidan nan Baba ba zai kai baɗi ba.” Ina son mutumin nan, kin sani. Na ga tsoro a idonsa, na kogi da na ubansa, ban san wanda ya fi yawa ba.

Na koma ɗaki na buɗe littafi, na kasa wuce layi ɗaya. A cikin littattafai kullum akwai wanda ke zuwa a kan kari ya ceci mutane. Na zauna ina jira, sai na tuna mu uku ne kaɗai muka sani, biyu kuma sun yi shiru.

Wataƙila Baba ba zai sake yi mini magana ba. Wataƙila ki share mini ɗakin baƙi. Ki gaida Mama, ki rungume mini yara.

Na kira hukumar ruwa da ƙarfe goma sha ɗaya, na ba su sunana da lambar gidanmu. Sun ce suna tafe da buhunan yashi. Yanzu zan je rumfar shanu in gaya wa Wouter da bakina.

Ƙanwarki,
Jantien