Jirgin da Ya Nufi Jersey

Ya Delfina, sanyin idona, iskar teku a ranar zafi, hasken safiya a kan kogin Hudson! Ke da kika fi fitilar da matar tagullar nan, Mutum-mutumin 'Yanci, take ɗagawa a bakin ruwa haske a wurina!

Yau Talata, kwana uku ke nan ban ji muryarki ba. Wayarki tana kan teburina, tun da kika jefa ta cikin jakata a wurin bincike. Ta yi ƙara sau tara kafin cajinta ya ƙare, ban taɓa ta ba. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara rubuta miki, ukun farko na yayyaga su.

Kin san halina, ba na fita sai na tsara. Tun wata guda na rubuta Asabar ɗin nan a littafina: tara da rabi, jirgin ruwa daga tashar Battery ta New York, sha ɗaya, gindin Mutum-mutumin 'Yanci, ƙarfe biyu, gidan tarihin masu ƙaura a tsibirin Ellis. Akwai layi na ƙarshe da ban nuna miki ba: huɗu saura kwata, a jirgin komawa, in roƙe ki ki aure ni.

Zoben kakata Rozalia yana cikin gidan tabarauna. Da aka ce mu zube kayan aljihu kafin shiga jirgi, ma'aikacin ya buɗe shi, ya dube ni, ya yi murmushi, ya rufe. Ke kuwa kika juya kina kallon tsuntsayen teku. Kin gan shi, Delfina? Wannan tambayar ce take cina. In kin gani, ashe yini guda kika yi kina jirana, ni kuma ina duba agogo!

Wayyo wannan safiya! Iska tana wasa da gashinki kamar yadda take wasa da saman ruwa, kina dariya kina riƙe da hannun rigata, birnin yana ja da baya kamar ya ba mu wuri. Da a nan na buɗe baki! Me ya hana ni? Littafi. Bai ce a nan ba.

A babban zauren gidan tarihin muka sami sunan kakata a takardar jirgin da ya kawo ta, tana 'yar shekara goma sha tara. Na ba ki labarin da ake bayarwa a gidanmu: a lokacin ba a sakin mace ita kaɗai sai wani nata ya zo ya karɓe ta, saurayinta kuwa, kakana, yana can cikin gari tsoro ya riƙe shi, kullum ya zo bakin ruwa ya koma. Kwana goma sha ɗaya tana zaune a kan benci da akwatinta. Kika ce, "Sha ɗaya? Lallai tana da haƙuri. Ni da tuni na bi jirgin farko. Ka ji ko, Malam Agogo?" Kika tsaya kina kallona, idanunki kamar taurari biyu a ruwa mai zurfi. Hannuna yana kan zoben. Na duba agogo: uku da minti goma. Na ce miki bari in karɓo kwafin takardar, ki kama mana layi.

Layi biyu ne a bakin ruwan, kowa ya sani, ɗaya na New York, ɗaya na Jersey. Da na fito, ba ki cikin namu. Na hango jan mayafinki a saman ɗaya jirgin, har an janye gada. Kika ɗaga hannu.

Wannan hannu, ya raina! Na rubuta shi ta fuska biyu a littafina. Ta farko: kuskure kika yi, baƙi da yawa suna yin sa, kina kirana ne. Ta biyu: a Jersey gidan yayarki Amparo yake, inda kike zaune, gida kika tafi da gangan, sallama kike yi mini. Da safe na yarda da ta farko, kafin azahar ta biyu ta kayar da ni. Sau biyu na zo har kan titin gidanku, na tsaya gaban shagon burodi, na juya. Jiya a hanyar komawa na gane kakana nake kwaikwayo, kunya ta rufe ni. Jininsa ne a jikina, Delfina, amma ba zan kai sha ɗaya ba.

Shekarata arba'in da biyu, aikina raba wasiƙun mutane a gidan waya, ban taɓa rubuta tawa ba sai wannan. Ba ni da kyau, ba ni da baki, ina jinkiri kamar ƙanƙarar da ta ƙi narkewa. Amma ke ce gaɓar da nake hange. Za ki aure ni? Ga shi na faɗa, ban duba agogo ba.

Ba zan sa wannan takarda a akwatin gidan waya ba. Da hannuna zan tura ta ƙarƙashin ƙofarku gobe, tare da wayarki zan zo, da zoben. Idan kika gama karantawa, ki leƙo ta taga. Ina ƙasa, a gindin matakala. Shafin gobe a littafina babu lokacin tashi a cikinsa. Wannan karon ni ne a kan benci, sai kin zo kin karɓe ni.

Naki, a wannan gaɓa ko waccan, har iyakar numfashina,

Walter Rybak