Hannun Bocar

Alhamis, 4 ga Mayu, 2023

Ɗana Bocar Wane ya rasu ranar Talata, 14 ga Maris, da ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma, a filin ƙwallon kwando na kulob ɗinsu a nan Rufisque, ana tsakiyar atisaye. Zuciyarsa ce ta tsaya. Shekararsa talatin da uku, goma sha ɗaya daga ciki a kulob ɗin. Yau kwana hamsin da ɗaya.

Wasiƙa ta zo da safe. Kwamitin kulob zai zauna ranar 20 ga wata, ya yanke ko za a rataye rigarsa mai lamba tara a rufin filin, yadda ba mai ƙara sa ta. Suna so in yi magana a madadin iyali. Shekara talatin na yi ina alƙalanci a kotu, takarda ba ta taɓa yi mini nauyi ba sai wannan.

Lahadi, 7 ga Mayu

Na je wurin Latyr Ndour, tsohon da yake rubuta takardun wasanninsu tun kafin a haifi Bocar. Basarere ne, ni Batukulori, ƙabilunmu abokan wasan juna ne, don haka ko makoki bai hana shi tsokana ba.

"Bawana ya zo gaishe da ubangidansa," in ji shi. "Zauna, alƙali. Nan ba ka da guduma."

Ya miƙo mini kwali biyu. Takardar wasa abu biyu kawai take ajiyewa a kan mutum: makin da ya ci da laifin da ya yi.

Laraba, 10 ga Mayu

Na gama dubawa. Maki huɗu a kowane wasa, in an daidaita. Laifi kuwa, babu wanda ya kai shi a tarihin kulob ɗin. Sau sittin da bakwai ana fitar da shi saboda ya cika laifi biyar.

Tsoro nake ji. In na rubuta, wataƙila ya ragu. Ina tsoron mutum tara na kwamitin su karanta abin da na karanta, su ce a'a cikin ladabi, a ba wani yaro lambar a kakar wasa mai zuwa. Abin da ya fi wannan: ina tsoron su yi daidai. Da ni aka kawo wa wannan fayil, na san hukuncin da zan yanke. Ai na riga na yanke shi tuntuni, a kan kwanon cebujen, shinkafa da kifi, ranar da na ce masa mai digirin lauya ba ya ƙarewa a bankar mutane da kafaɗa. Ya turo mini kifin da ke gabansa.

Ban taɓa kallon wasansa ba. Ko sau ɗaya.

Juma'a, 12 ga Mayu

Matata Houleye ta ce ban ci komai ba tun jiya. Na ce na ci. Ta san ƙarya ne.

Litinin, 15 ga Mayu

Na mayar wa Latyr kwalayensa. Na ce masa babu abin da zan iya karewa a ciki. Ya daɗe yana juya shayin ataya tsakanin kofuna.

"Ku Tukulorawa kun iya karatu, gani ne ba ku iya ba. Ka duba a minti na nawa aka busa laifuffukan? Ka duba nawa Massamba yake da su a lokacin?"

Massamba Thiaw shi ne tauraronsu, sau biyu ana naɗa shi sarkin kaka, wato gwarzon ɗan wasan shekara. Latyr ya yi mini bayani kamar ɗalibi. In alƙalin wasa ya busa, mai laifi yakan ɗaga hannu ya amsa. In mutane sun cakuɗe a ƙarƙashin kwando, ido yakan bi hannun da ya fara tashi. Duk lokacin da Massamba yake da huɗu, saura ɗaya a fitar da shi, hannun Bocar ne yake riga na kowa.

"Ni ina gani daga teburina," in ji shi. "Amma abin da aka nuna mini nake rubutawa."

Wato ɗana ya shekara goma sha ɗaya yana amsa laifin wani. A kotuna wannan yana da suna, kuma ba mai daɗi ba ne. Na koma gida. Yanzu tsorona biyu: in na yi shiru, an ƙi shi a matsayin mai keta doka, in na faɗa, an ƙi shi a matsayin mai yaudara, na kuma taɓa rawanin mutumin da yake raye, yana cikin kwamitin.

Asabar, 20 ga Mayu

Na karanta abin da na shirya, shafi ɗaya, ba ƙarya a ciki, ba kuma maganar hannun. Wani ɗan kwamiti ya ce, cikin girmamawa, rufi ba wurin ta'aziyya ba ne. In an rataye riga saboda maki huɗu, me za a ce wa sauran? Ban ga laifinsa ba. Na ji ɗakin yana karkata, na san wannan shirun, na sha jinsa daga kan kujerata.

Sai Massamba ya miƙe. Dogo ne har sai ya sunkuya wa fanka.

"Pa Wane, ka gafarce ni. Rabin waɗancan laifuffukan nasa nawa ne. Wasan ƙarshe na kofi, ni na doke hannun mutumin, kowa a benci ya sani. Bocar ya fita, ni na zauna na ci maki goma sha biyu. Har yau gidanmu ana cewa kofina." Ya dubi mai maganar, wanda suke kira Tonton, wato kawu. "Kai ma kana benci ranar, Tonton. Kai ka fara tafi."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Biyar suka amince, huɗu suka ƙi. Ɗaya daga cikin huɗun ya ce yaudara yaudara ce. Da a shekarun baya ne, da na tsaya tare da shi.

Lahadi, 21 ga Mayu

Na faɗa wa Houleye komai bayan la'asar. Ta ce, "Wane, laifina ne. Yakan ajiye maka tikiti a kan firij, ni nake ɗaukewa don kada ranka ya ɓaci. Da na bar su."

Sai da na ga tana kallon sama da kaina na lura hannuna na dama a ɗage yake. Na sauke. Wataƙila kafaɗa ce ta gaji.

Za a rataye rigar ranar 3 ga Yuni, kuma sun aiko wasiƙa cewa uba ne yake jan igiyar. Rigar tana cikin jakarsa, ban buɗe ba. Ban amsa wasiƙarsu ba. Har yanzu ban taka cikin filin ba.