Karena Ya Kori Ɓarayi, Ya Haɗa da Maƙwabta

Yaya Norjmaa,

Ki taimake ni da shawara kamar yadda kike yi wa masu rubuto miki, kafin Farin Wata, bikinmu na sabuwar shekara, ya kama, don abin ya fi ƙarfina. Amma kafin in fara kuka, bari in yaba wa wanda ya cancanci yabo, wato Malam Sandag, tsohon sojan kan iyaka mai koyar da dabarun kare kai a garin gundumarmu. Mutumin nan gwani ne. Ya yi mini alkawarin idan na bi karatunsa sau da ƙafa babu mahalukin da zai sake kusantar tantina, kuma ga shi ya cika. Babu ɓarawo, babu baƙo, babu mai tambayar hanya, babu ko mai zuwa aron gishiri. Na tsufa a kasuwa, ban taɓa ganin hajar da ta yi aiki daidai yadda mai ita ya tallata ba sai wannan.

Ni 'yar kasuwa ce, ko in ce na taɓa zama. Gashin awaki nake sarowa a hannun makiyaya in kai birni, in dawo da takalma da yadi da tukwane. Na ɗan yi makaranta, amma fuskar mutum na fi iya karantawa. Mai niyyar cuta tun daga yadda yake shafa kaya nake gane shi. Da ƙafafuna suka gaji sai na koma kwarinmu wurin mijina Gonchig da tumakinsa. Ba mu daɗe ba ya rasu, ya bar ni da tanti da garke da bindigarsa ta farauta da wani tsohon kare da haƙoransa suka kusa ƙarewa. 'Yarmu ɗaya ce, tana aiki a Koriya. A waya nake ganin fuskarta, shi ma sai na hau tudu na tsaya a cikin iska.

Bara da kaka, da rana tsaka, wasu mutum biyu suka tsayar da mota nesa kaɗan, suka ɗaga murya kamar yadda kowa ke yi in ya iso gidan mutane: "A riƙe kare!" Na fita na riƙe. Suka shiga, na zuba musu shayi mai madara da gishiri, na tura musu farantin busasshen cuku. Ban tambaye su ko su wane ne ba. Wa ke tambayar baƙo sunansa bai jiƙa maƙogwaro ba? Suka yaba shayin, suka yaba tumakin, ɗaya har ya ce ina kama da gwaggonsa. Ranar da na tafi gunduma karɓo maganin hawan jini suka dawo. Na tarar rabin garken babu, ga sawun babbar mota, ga tsohon karen kwance a bayan tanti da kumfa a baki. 'Yan sanda sun bi sawun har inda ya hau kwalta ya ɓace. Ni da 'yan kasuwa ke shakkar yi wa wayo, ni ce na riƙe wa ɓarayina kare da hannuna, na kuma ƙara musu shayi.

Abin da ya kai ni ajin Malam Sandag ke nan, ni kaɗai mace a cikin masu gadin gidajen mai da na mahaƙar ma'adinai. Ya ce makami na farko ba bindiga ba ce, abin da mutum ya sa a ransa ne. "Inna," in ji shi, "duk wanda ya tunkaro ki maƙiyi ne, har sai ya nuna ba haka ba." Ya koya mini kada in tsaya a tsakiyar ƙofa, in raɓe a gefe. Yatsa nesa da kunama, bakin bindiga na kallon ƙasa. Kada in fita sai mai kira ya faɗi sunansa. Aka mai da lasin bindigar da sunana, kuma ba yabon kai ba, gwangwanin da nake gwada harbi a kansa yana shan wahala a hannuna.

Sai maganar kare. Na samo kwikwiyo, na raɗa masa suna a kunne yadda ake yi, Hasar. Malam ya ce kada kowa ya ba shi abinci ko ya shafa shi sai ni, don kare mai abokai ba mai gadi ba ne. Na bi. Yanzu ya zama ƙato, baƙi wuluk, da ɗigo biyu masu ruwan ɗorawa a saman ido. Kyarkeci ma ya daina leƙo mu. In na fito da safe yakan ɗora kansa a kan takalmina, ni kuma in ba shi labarin mafarkin da na yi. Ki yi dariya in kina so. Shi ne kaɗai ke jin muryata a yini.

To ga inda abin ya lalace. Maƙwabcina Baba Choijil, abokin marigayi tun suna yara, yana bayan tudun gabas. Shi ne bayan rasuwar bai daina zuwa ba. Ya zo ya zauna, ya miƙo mini kwalbar tabarsa in shaƙa, ya faɗa mini wa ya haihu, wa ya sayar da doki, ya zagi yanayi, ya tafi. Kullum a kan dokinsa fari yake zuwa, Hasar na ɗaure ko ina riƙe da shi. Ran nan da yamma, dusar ƙanƙara na zuba, sai na ji babur. Na leƙa ta tsagar ƙofa na ga mutum naɗe da mayafi har ido. Ya ce, "A riƙe kare!" Kalmomin da waɗancan suka faɗa, da irin muryar. Yaya Norjmaa, ƙafafuna ba su tambaye ni ba. Na tsinci kaina a gefen ƙofa da bindiga ina ihu, "Wane ne? Faɗi sunanka!"

Ashe Baba Choijil ne. Dokinsa ne ya yi targaɗe ya hawo babur ɗin ɗansa. Kunnensa ɗaya ba ya ji, ɗayan yana cikin hula. Kuma ko ya ji, mutumin da tunda aka haife shi ba a taɓa tambayarsa suna a ƙofar wani ba, me zai amsa? Ya ɗauka ina fitowa, ya sauko. Hasar kuwa a sake yake.

Kafin in gane muryar mai salati da zagi, karen ya yage masa riga ya kama shi a ƙwauri. Na fito da gudu na janye shi, amma na manta abin da ke ɗaya hannun nawa. Tsohon yana zaune a ƙanƙara, bai ko dubi ƙafarsa ba, bindigar yake kallo. Ya ce, "Matar Gonchig, tun kina amarya nake shan shayi a tantin nan. Yau da wannan kika fito tarona?" Na ce ya shiga in wanke masa ciwon. Ya ce a'a, kada ya shiga a ce bai faɗi suna ba. Ya kwance cinyar rago da ya kawo mini daga bayan babur, ya ajiye a kan tarin busasshen kashin shanun da nake hura wuta da shi, ya hau ya tafi yana ɗingishi.

Tun ranar ba wanda ya sake kiran a riƙe kare a ƙofata. Kin san kwari, labari ya fi babur sauri. Idan na fita da safe ina ganin sawun ababen hawa a kan ƙanƙara: su taho miƙe, su zo daidai tantina su yi baka, su koma hanya a can gaba. Yanjin, matar Baba Choijil, ta aiko ta bakin mai sayar da fetur cewa karen da ya ɗanɗana jinin mutum harbe shi ake yi, tunda kuwa na ƙware ba sai an aiko mini da maharbi ba. Malam Sandag ya ce ban yi kuskure ko ɗaya ba, dattijon ne ya karya doka. 'Yata ta ce in sayar da komai in koma birni in zauna a bene.

Ga Farin Wata ya matso. Da, mata ke taruwa mu ƙulla buz, wato kwaɓin fulawa da nama a ciki, muna gulma. Bana ni kaɗai na ƙulla, na cika buhu, sun daskare suna jiran baƙi. Na jera gurasar biki hawa-hawa. Ni ce ya kamata in fara zuwa in tallafi gwiwar hannun Baba Choijil in gaishe shi, yadda ƙarami ke yi wa babba ranar bikin, sannan na ƙasa da ni su zo su tallafi tawa. In ya kau da kai a gaban jama'a fa? In kuma na zauna, wa zai zo? Ba zan iya harbe Hasar ba. Ba kuma zan iya komawa waccan matar da ke zuba wa kowa shayi ba, ta mutu tare da tsohon karen. Ina son maƙwabtana su dawo, ban san da me zan saye su ba.

Taki,
Tsohuwar 'yar kasuwa daga kwarin arewa

*

Ƙanwata,

Na karanta, kuma ban yi dariya ba. Tsoronki ba hauka ba ne. An shigo miki da rigar al'ada an cuce ki, duk macen da ke zaune ita kaɗai a kwari za ta gane abin da ƙafafunki suka yi ran nan. Malaminki ma ba duka ya ɓata ba. Yatsan da ya koya miki ki nisanta da kunama shi ya sa yau maganar cizo muke yi, ba ta harbi ba. Amma karatunsa na masu gadin gidan mai ne, inda duk mai zuwa baƙo ne kuma gobe ba za a sake ganinsa ba. Ke kuwa da mutanen nan za ki tsufa.

Ki duba ta ɓangaren dattijon. Ba ƙwaurinsa ke masa ciwo ba, makiyayi ne, ba yau kare ya fara cizonsa ba. Ya ga bindigar abokinsa a hannun matar abokinsa, a ranar da ya kawo mata nama. Wannan ba ya warkewa da bayani, don haka ki bar bayanin babur da hula a gida.

Kada ki jira ranar biki. Gaisuwar sabuwar shekara ba wurin gyaran ɓaraka ba ce, a gaban jama'a dole ya tsare girmansa. Ki je tun yanzu, da rana, bindiga a kulle a akwati, harsashi a wani wurin daban. Ki tafi da shuɗin gyalen girmamawa da yadin riga mai kyau, ke kin san mai kyau. Ki tsaya nesa ki kira a riƙe miki kare, ki jira kamar kowa. Idan kin shiga ki tambayi ƙafar, ki tabbata ya je an yi masa allurar cizon kare, in bai je ba ki nemi mota ki kai shi. Sannan ki ce kin yi laifi, ki yi shiru. Na san bakin 'yan kasuwa, yana faɗin laifi yana neman ragi. Wannan karon babu ciniki. Yanjin za ta faɗi magana mai ɗaci, ki haɗiye da shayinta. Mai yiwuwa ba za a sake miki fuska a zuwan farko ba. Ki sake komawa.

Hasar ba na harbi ba ne, abin da aka koya masa ya yi. Amma karen da ke cizon kowa bai gaya miki komai ba. Mai gadi na gaske shi ne wanda daga haushinsa za ki san na gida ne ko bare. Da rana ki ɗaure shi a turke nesa da hanyar shigowa. In dattijon ya huce, ki roƙe shi ya zo ya jefa masa ƙashi kina riƙe da wuyansa, yau da gobe, har ya san warinsa. Roƙon nan ma kyauta ce: tsoho yana son a nuna ana bukatarsa. Ita ce kuma amsarki ga Yanjin.

Game da baƙi, iyayenmu ba sakarkaru ba ne da suka ce a fita a riƙe kare. Mai riƙe da wuyan kare ta ga fuska, ta ga mota, ta ga yawan mutane, kuma a hannunta yake ta riƙe ko ta saki. Wadda ta raɓe a bayan ƙofa ba ta ga komai ba sai tsoronta. In ranki bai kwanta da baƙo ba, ki ba shi shayinsa, kina yi kina ambaton cewa su Choijil na nan tafe. In za ki gunduma, ki gaya wa na bayan tudu su riƙa ɗaga madubin hangen nesa wajen garkenki. Ɓarawon dabbobi ya fi shakkar idon maƙwabci a kan bakin bindiga, don bindiga tana tafiya gunduma tare da mai ita. Ki bar ta ga kyarkeci, da ranar da ba ma fata.

Maganar komawa birni kuwa, ki ajiye ta sai bazara. Ba a yanke irin wannan shawara ana cikin jin kunya.

Ina miki fatan shiga sabuwar shekara lafiya, garke ya fita sanyi da ƙiba, hannuwa da yawa su tallafi naki. Masu rubuto mini suna tambayar wace bindiga ta fi da wane kare ya fi, ku ma da ku nake. In mutum ya zame a bakin rijiya ya karye ƙugu cikin wannan sanyi, tsakanin karen da bindigar wa zai je ya kira likita?

Yayarki,
Norjmaa