Buhunan Wake a Ɗakin Yarana

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Admin don girman Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni matar aure ce a Kambarawa, yarana uku. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai natsuwa, daga ofis sai masallaci sai gida, amma tunda naira ta fara zubewa ya koma wani iri. Kullum kunnensa na kan rediyo, idonsa na kan waya, yana bin farashin dala da alkama da man fetur a kasuwar duniya. Mutumin da bai taɓa wuce Abuja ba, sai ya zaunar da ni yana mani bayani wai manyan bankunan Turawa sun ƙara kuɗin ruwa, shi ya sa dala ta yi tsada, shi ya sa kwanon gero ya tashi a Katsina. Ni dai sai in ce to, in ci gaba da tankaɗena.

Bara da kaka ya ce ajiye kuɗi a banki asara ce, ya sayar da filinsa ya sayi wake buhu-buhu, ya kama sito a kasuwa. Da farko kaya suka yi ta tashi, har yana tsokanata wai in fara shirin Umara. Abokansa suka sayar da nasu, shi ya ce sai ya ƙara tashi. Kwatsam dala ta ɗan sauko, aka shigo da abinci daga waje, farashi ya faɗi ƙasa da yadda ya saya. Ya ce shi ba zai sayar da asara ba, wai masu kuɗin duniya za su sake zama kan maganar kuɗin ruwa, komai zai juya. Da hayar sito ta ƙare sai ya kwaso buhunan ya jibge a ɗakin yara, yara suka dawo kwana falo.

To wake ba ruwansa da taron Turawa, ƙwari suka shiga. Sai ya sayo ƙwayar nan ta kashe ƙwari da 'yan kasuwa ke ce wa bom, ya ƙulla a tsumma ya cusa cikin buhunan, ya kulle ɗakin ya toshe ƙasan ƙofa da tsohon zani. Gidanmu kuwa silin ɗaya ne kuma duk ya tsattsage, wari kamar na tafarnuwa har kicin. Ba a jima ba ƙaramar ɗiyata ta fara amai, babban yana kukan kansa na sarawa, ni ma ƙirjina ya yi nauyi. Na kai su kemis, mai kemis ɗin ya ce, "Hajiya, mi suka ci?" Na ce ban sani ba. Sai na zagaya na tambaye shi labarin bom kamar maganar wasu ce, ya ce, "Subhanallahi, wannan ai a sito ake sa shi nesa da mutane, shina iya kashe gida guda."

Na gaya wa maigidan, ya ce zazzaɓin damina ne kawai, ai ya toshe ƙofa. Na yi kuka na ce ya sayar ko da asara ne, ya ce filinsa ne kaf a cikin ɗakin nan, so nake ya tashi a tutar babu. Na ce to bari in kai yara gidanmu Gobarau, ya ce Baba zai tambayi dalili, kuma yanzu mutane na jin haushin masu ɓoye abinci, har a wa'azi ana tsine masu, in labari ya fita ko ɓarayi ko 'yan unguwa za su fasa mana gida. Cikin fushi ya ce duk ranar da na faɗa wa wani akwai wake a gidan nan, to a bakin aurena. Ban ma sani ba ko rubutun nan ya shiga ciki, malaman da ke nan ku duba mani.

Ba mugu ba ne, yana son yaran nan, tsoron talauci ne ya rufe mashi ido, duk ya rame ko abinci ba ya iya ci. Amma jiya ya leƙa ɗakin ya ga har yanzu ƙwari na motsi, sai ya ƙara ƙwayoyin wai na farko bai isa ba. Yau da safe bayan ya fita ofis na zo shara, na tarar da kajina biyu da ke kwanciya ƙarƙashin tagar ɗakin sun mutu, lafiyarsu lau jiya.

'Yan uwa ya zan yi? In kwashi yarana in tafi in faɗa wa Baba gaskiya, in ya so auren ya mutu? In kira yayansa ya yi mashi magana, alhali shi ma yana cikin waɗanda ya hana ni faɗa wa? Ko akwai hanyar da zan fitar da su ba tare da na furta komai ba? Yanzu haka suna Islamiyya, kafin magariba za su dawo, kuma bango ɗaya ne tsakanin shimfiɗarsu da buhunan. Don Allah duk wanda ya ga saƙon nan ya amsa mani kafin a tashe su.